Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Duk lokacin da aka ce za a kara a ƙwallon gem tsakanin ƙungiyar da ta iya kai hari da wadda ta iya tsare gida, ba sai mun buɗe sharhin share fage ba, mun riga mun san abin da ke ciki. Ta farko ita ce "mai taka leda", 'yan wasanta gwanaye, masu faranta ran 'yan kallo. Ta biyu kuwa "mai kashe wasa", wadda ta zo ta noƙe a bakin raga tana jiran tsautsayi ya faɗa wa abokiyar karawarta. Tun ba a taɓa hannun gem ba an gama shari'a. Idan masu hari suka ci, gaskiya ta yi halinta. Idan masu tsaro suka ci, an yi fashi da tsakar rana. Haka ake rubutawa game da manyan gasannin da ake yi a Riyad da Landan, haka kuma ake faɗa da baki a shagon gem na bakin kasuwa, inda yaro zai ci abokinsa ɗaya mai ban haushi, maimakon a ba shi hannu sai a bi shi da "matsoraci".

To mu muna bayan matsoracin nan. Ba tausayinsa muke ji ba, don ba ya buƙata. Muna ganin shi ne ya ɗauki aikin da ya fi wuya a cikin gem ɗin, kuma da yawa daga masu zaginsa talla suka haddace suna zaton ra'ayinsu ne.

Bari mu fasalta karawar, saboda wanda bai taɓa zama ya kalla ba. Ko EA Sports FC ake bugawa ko eFootball na kamfanin Konami, siffar kusan ɗaya ce. Mutum ɗaya a kowane ɓangare, ko biyu-biyu idan gasar ƙungiyoyi ce, kowa da hannunsa. Ɓangaren farko ya turo 'yan bayansa har kusa da tsakiyar fili. Da zarar ƙwallo ta kuɓuce masa sai ya yi wa mai ita rubdugu, idan ta dawo ƙafarsa kuma sai yanka da gajeren fasin a bakin yadi na 18. Ɓangare na biyu ya ja layinsa baya, ya dasa 'yan tsakiya biyu a gaban 'yan baya huɗu, ya bar wa abokin karawa ƙwallo a inda ba ta cizo, yana jiran fasin ɗaya da zai kauce hanya. A wasannin intanet na yau da kullum na FC kowane rabi minti 6 ne, wato minti 12 ke tsayawa a madadin minti 90. Minti ɗaya na agogon bango ya cinye bakwai da rabi na agogon fili. Wanda ya yi kuskure a irin wannan ƙurarren lokaci, ba lallai ya samu sararin gyarawa ba.

Babbar tuhumar da ake yi wa mai tsare gida kowa ya san ta: "Ai kwamfuta ce ke tare maka." Ba za mu yi wa wannan magana riƙon sakainar kashi ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Cikin 'yan wasa 11 da ke kan allo, ɗaya kawai mutum ke juyawa a lokaci guda, sauran 10 kwamfuta ce ke tafiyar da su bisa umarnin da aka ba ta kafin a take wasa. Don haka mutum na iya cunkushe mutanensa a gaban raga, ya riƙe ɗan tsakiya ɗaya yana ta kai-komo da shi, ya bar na'ura ta yi masa gadi. Waɗanda suka buga FIFA 20, wadda ta fito a 2019, ba su manta ba. A shekarar nan salon ja-baya ya yi ƙarfin da har ƙwararru suka riƙa kuka da shi, wasa ya koma kamar ƙoƙarin huda katanga da tsinke. An yi haka, ba mu musa ba.

Amma wane ne kwamfuta ba ta yi wa aiki? Mai hari ya tura sandar hannunsa wajen da yake ganin abokin wasansa yake, dama-dama dai, ya danna maɓalli, kwamfuta ta gyara masa saitin, ta daidaita masa ƙarfin fasin ɗin har ya isa ƙafar da ake so. Ɗan gaban da ya sulale bayan 'yan baya a daidai lokacin da ya dace, sau da yawa ba wanda ya ce masa ya ruga, kwamfuta ce ta ga fili ta tura shi. Bugun nan da ya lanƙwasa ya shige kusurwar raga har aka tashi ana ihu, ba yatsa ne ya lanƙwasa shi ba. Maɓallai biyu aka danna, lissafin da ke cikin gem ɗin ya duba lambobin ɗan wasan ya yanke hukunci. Yankan ma da ake tinƙaho da shi motsi ne da aka riga aka tsara aka adana, kuma mafi ƙayatarwa daga cikinsa ɗan wasa mai taurari biyar kaɗai aka yarje wa ya yi. Ka ba gwanin yanka ɗan wasa mai taurari biyu ka ga inda gwanintar za ta tsaya. Rubdugun da ake kira jarumta fa? Akwai maɓalli guda da ke tura ɗan wasa na biyu, wanda kwamfuta ke juyawa, ya je ya takura mai ƙwallo. Wato shi ma mai matsin lamba yaron aike gare shi, kamar yadda mai ja-baya ke da ɗan gadi. Na ɗaya ne kawai ake gani, saboda shi ba ya haifar da tafi.

Tarihin gem ɗin ma ba ya goyon bayan masu tuhumar. Kafin FIFA 12, wadda ta fito a 2011, riƙe maɓalli kawai ake yi ɗan baya ya bi mai ƙwallo kamar kare ya hango zomo, har ya ƙwace. A shekarar ce aka kawo tsarin da ya tilasta wa mutum ya tsaya a inda ya dace, ya zaɓi lokacin kai ƙafa da kansa. Afkawa ita ce tun asali aikin na'ura, jira da karanta wasa ne aka miƙa wa ɗan Adam. Shekara goma bayan haka, a FIFA 22, kamfanin ya kashe wasu tallafe-tallafe a wasannin gasa, ciki har da fitar da ƙwallo daga bakin raga da kwamfuta kan yi wa mutum, da taimakon da take bai wa ɗan baya wajen tsayawa a gaban mai ƙwallo. An taɓa wasu na masu hari su ma, gaskiya ne. Sai dai taimakon fasin na ƙasa da na saitin bugun raga, ginshiƙai biyu na kowane hari, an bar su a buɗe ga mai so.

Wanda yake son a raba gardama ya leƙa sashen nan na Clubs, inda ake iya buga 11 da 11, kowane ɗan wasa da mutum a bayansa, har gola. Can babu kwamfutar da za a ɗora wa laifi. Kuma can ne ake gane cewa riƙe layi ya fi yanka wuya nesa ba kusa ba, domin mutum huɗu ne, wataƙila kowa a garinsu, dole su matsa tare su ja baya tare. Ɗaya ya ji ƙaiƙayin fita, layin ya tsinke.

Ku zauna bayan wanda ya iya tsaro wata rana. Ku bar kallon ƙwallo, ku kalli babban yatsansa na dama. Da shi yake sauya ɗan wasan da yake juyawa, kuma a hari guda yana iya sauyawa sau biyar ko shida: ya ɗauki ɗan tsakiya ya toshe hanyar fasin, ya sake shi ya kama ɗan bayan gefe ya bi mai gudu, ya dawo tsakiya kafin a ankara. Ido ɗaya na kan ƙwallo, ɗaya na kan 'yar taswirar da ke ƙasan allo, wadda ke nuna masa mutanen da kyamara ba ta ɗauko ba. Abin da ya fi komai wuya kuma shi ne abin da ya ƙi yi. Mai ƙwallo na rawa a gabansa, ya ja ta baya ya turo ta gaba, duk don ya yaudare shi ya fito da ɗan bayan tsakiya daga layi. Kowace jijiya ta hannunsa tana ce masa ya afka. Idan ya afka ya kuskure da taki ɗaya, ƙofa ta buɗe, sauran labari ne. Sai ya cije, ya ci gaba da tafiya da baya-baya yana fuskantar mai ƙwallo, har shi mai ƙwallon ya gaji da jira ya yi fasin ɗin da bai yi niyya ba. Wannan dauriyar ba ta da maɓalli. Idan biyu-biyu ake yi abin ya ƙara tsauri, don dole ɗaya ya matsa ɗaya ya tsaya, ba tare da an samu lokacin shawara ba. Su biyun su bi ƙwallo ɗaya, an bar mutum shi kaɗai a bayansu.

Ga kuma rashin adalcin lissafi. Mai hari ya yi kuskure tara ya dace sau ɗaya, sunansa gwani. Mai tsaro ya yi daidai sau tara ya zame sau ɗaya, shi za a yi ta maimaitawa a bidiyo ana dariya.

A watan Agustan 2018, a zauren O2 da ke Landan, wani matashi ɗan Saudiyya mai shekara 18, Mosaad Aldossary, wanda aka fi sani da Msdossary, ya kara da Stefano Pinna na Beljiyam a wasan ƙarshe na kofin duniya na gem ɗin FIFA. Wasa biyu aka yi, ɗaya a kan Xbox ɗaya a kan PlayStation, don kada wani ya ce an fi ƙarfinsa ne a na'urar da bai saba da ita ba. Msdossary ya ci 2-0, ya sake cin 2-0, ya tafi da dala 250,000. A wasan da ya fi kowane nauyi a shekarar, ƙwallo ko ɗaya ba ta taɓa ragarsa ba. A daidai wannan zamani wanda duniyar gem ke yi wa kirari shi ne Donovan Hunt na Ingila, wato Tekkz, yaron da ya girgiza kowa da yankansa lokacin da ya ci gasa a Barcelona a Janairun 2018 yana ɗan shekara 16, ya kuma ci wa Liverpool kofin ePremier League na farko a Maris ɗin 2019. Ya shiga kofin duniya na 2019 kowa na ganin nasa ne. A zagayen rukuni aka yi waje da shi. Msdossary kuwa ya sake kaiwa wasan ƙarshe, inda Mohammed Harkous na Jamus, MoAuba, ya doke shi da ƙyar, 3-2 a jimillar wasa biyu. Tekkz gwani ne na gaske, kuma Msdossary ba noƙewa kawai ya iya ba, ya san hanyar raga. Abin da muke nunawa shi ne, ranar da hannu ke rawa da zuciya ke bugawa, natsuwa da raga a kulle ne suka kai mutum wasan ƙarshe sau biyu a jere. Masu sharhin share fage sun ga wannan da idonsu, amma washegari suka koma kan tsohon rubutunsu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne bakin da ke zagin yaro a shagon gem shi ne ya bushe da ihu ranar 6 ga Disambar 2022. Ranar Sifaniya ta riƙe ƙwallo kashi 77 cikin ɗari a gaban Maroko, ta yi fasin sama da 1,000 cikin minti 120, amma bugu ɗaya tak ta yi da ya nufi raga. Aka je fenareti, Yassine Bounou ya tare biyu, ɗaya ya bugi turke, Achraf Hakimi ya ɗaga tasa a hankali ta tsakiya, Maroko ta wuce da 3-0. Daga Kano har Damagaram gidajen kallo suka kaure, mu duka muna ciki. Ba mu ji wanda ya ce Walid Regragui matsoraci ba ne. Dabara aka kira abin, da kishi, da sanin kai. Haka aka jinjina wa Inter Milan a 2010, da ta je Camp Nou aka kori Thiago Motta tun kafin rabin sa'a, ta tsare gida da mutum 10 a gaban Barcelona ta Messi da Xavi, ta fito da 3-2 a jimilla. (Abin dariya, kociyan Inter na ranar, José Mourinho, shi ne a 2004 ya yi ƙorafin cewa Tottenham ta zo ta ajiye motar bas a bakin raga ta hana Chelsea wasa. Zagin da ya yaɗa shi ya zama rigarsa.) To me ya sauya tsakanin ciyawa da allo? A fagen dambe ma hannu ɗaya ake naɗewa a kira shi mashi, ɗayan a bar shi a buɗe a kira shi garkuwa, kuma ba mu taɓa jin makaɗi ya goranta wa ɗan dambe don ya iya garkuwa ba.

Amsar tana cikin aljihu. Tun 2009 kamfanin EA ya shigo da sashen Ultimate Team, inda mutum ke haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Katunan ana samun su da gumi, ana kuma samun su ta sayen ƙunshi a rufe, wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. A shekarar kuɗi ta 2021 kamfanin da kansa ya bayyana cewa wannan sashe ya kawo masa dala biliyan 1.62 a wasanninsa na motsa jiki, kaso mafi tsoka daga ƙwallon ƙafa. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta duba irin wannan ƙunshi a 2018 ta ce caca ce, har a Janairun 2019 kamfanin ya daina sayar da kuɗin gem ɗin a ƙasar. Su wane ne katunan da suka fi tsada? Galibi 'yan gaba ne masu gudu da taurari biyar, irin su Mbappé da Ronaldo na Brazil da Pelé. Me kuma ke yawo a TikTok da YouTube? Daƙiƙa 30 na yanka da bugu mai lanƙwasa. Ba mai ɗora bidiyon yadda ya toshe hanyar fasin, don ba mai kallo. Kowane irin wannan bidiyo talla ce ta kyauta, tana ce wa yaro: ga yadda ake wasa, ga kuma katin da za ka saya kafin ka iya. A FC 26, wadda ta fito a Satumbar 2025, kamfanin ya raba wasan gida biyu a fili: salo mai sauri don gasar intanet, da salo mai tafiyar hawainiya da ya fi kama da na ciyawa don mai buga shi kaɗai. Wato filin da ake gasa a kai an gina shi ne don gudu da ruwan ƙwallaye. Mai tsare gida a irin wannan fili iyo yake yi yana fuskantar igiyar ruwa.

Yanzu ku ɗauki yaron da ba shi da katin dala. Ƙungiyarsa ta gumi ce, 'yan bayansa ba su da gudun 'yan gaban abokin karawarsa. Idan ya turo layinsa tsakiyar fili don a ce masa jarumi, fasin ɗaya ta sama ya isa a gama da shi. Sai ya yi abin da hankali ya ba shi, ya rufe gida ya jira. Wanda ya sayi taurari kuma ya aiko masa da saƙon zagi bayan an tashi. Mai ingarma ne ke zagin mai jaki don ya ƙi fitowa sukuwa.

Ku ƙara da matsalar netwok. Wanda ke buga wasan intanet da datar waya daga Gusau ko Maraɗi ya san jinkirin nan da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Ɗan ƙanƙani ne, amma yanka na son daidaiton da bai kai ƙiftawar ido ba, rubdugu kuma na son a sauya ɗan wasa a kan lokaci, in ba haka ba an bar rami a baya. Wanda ya ja layinsa baya ya rage filin da makararsa za ta jawo masa asara. A shagon gem kuwa, inda babu netwok a tsakani kuma kowa na iya ɗaukar Real Madrid, dokar da aka saba da ita a wurare da yawa ita ce wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Ɗalibin da ya shigo da kuɗin wasa biyu a aljihu, ana so ya buɗe gida don ya burge 'yan tsaye waɗanda ko sisi ba za su tara masa ba?

Akwai wani nau'in sharhin da ya fi wannan lalaci, shi ne mai duba riga. Za a ce Brazil za ta kara da wata ƙasa a gem, sai marubuci ya kwaso rawar samba da tarihin Pelé. Ko a ce wannan ya ɗauki Manchester City wancan ya ɗauki Atlético Madrid, sai a zuba mana Guardiola da Simeone, kamar su ne za su riƙe hannun gem ɗin. A Disambar 2024 a Riyad, a kofin duniya na eFootball da hukumar FIFA ta shirya, Indonesiya ce ta doke Brazil a wasan ƙarshe na na'urar gida. Ƙasar da sau ɗaya ta taɓa zuwa kofin duniya na ciyawa, a 1938, tun tana ƙarƙashin mulkin Holan, ta kayar da mai kofi biyar. Riga ba ta buga ko minti ɗaya ba. Salon ƙungiya a gem halin masu riƙe da hannu ne da umarnin da suka bai wa kwamfuta, kuma mutum ɗaya na iya sa City ta noƙe ko ya sa Atlético ta yi rubdugu da 'yan danne-danne kaɗan. Da abin ya tsaya a shirme da da sauƙi. Amma irin wannan sharhi yakan zo ne manne da shafukan caca, waɗanda ke jera gajerun wasannin gem dare da rana, kuma saurayin da ya karanta cewa "salon Sifaniya zai rinjayi na Italiya" kuɗin cefane yake zubawa a kan labarin da ba shi da tushe.

Abu ɗaya ne ba mu kare ba. Mutum ya ci ƙwallo ɗaya, daga minti na 60 ya fara juya ta tsakanin 'yan bayansa da gola, ba ya son gaba, agogo kawai yake ci. Wannan rowa ce, kuma duk zagin da aka yi masa shi ya saya. Sai dai a lura da ƙwallo a ƙafa ake yin ta. 'Yar gidan masu riƙe ƙwallo ce, kuma mun sha ganin waɗanda ake kira masu taka leda sun koma gare ta da zarar sun shiga gaba. Mai tsaron da muke magana a kansa ƙwallon ma ya bar maka, ya ce zo ka wuce in ka isa.

Don haka ga namu share fagen, ga duk karawar da ke tafe tsakanin waɗannan salo biyu. Minti 20 na farko na masu hari ne, kada ya ruɗe ku. Za su mamaye fili, alƙaluman riƙe ƙwallo za su haura, mai sharhi zai fara cewa ci ya kusa. Ku ƙirga bugu nawa suka yi daga cikin yadi na 18, ku bar na nesa, don na nesa kyauta ce mai tsaro ya ba su da gangan. Ku sa ido a kan 'yan bayan tsakiya biyu na masu tsaro: muddin suna kan layi ɗaya, wasan na tafiya yadda suka tsara; da kun ga an janyo ɗaya ya fito, an fara cin galabarsu. Idan masu hari suka ci da wuri, labari ya sha bamban, domin dole masu tsaro su fito, kuma a buɗaɗɗen fili ba su da abin da za su nuna. Nan ne raunin salon yake, kuma rauni ne babba.

Idan kuwa aka tafi hutu babu ci, ku dubi fuskokin masu hari. Takaici ne ke fara shiga yatsu. Za su ƙara turo layi gaba, su umarci 'yan bayan gefe su hau, rubdugun da suka yi tun farko kuma ya fara cin ƙarfin mutanensu, waɗanda kwamfuta ke juyawa su riƙa jinkirin komawa gida. Wajen minti na 65 zuwa 70 masu tsaro za su dakatar da wasa su shigo da ɗan gaban da suka ajiye a benci, sabo fil, mai gudu. Daga nan ku daina kallon inda ƙwallo take, ku kalli 'yar taswirar ƙasan allo. Za ku ga ɗigo ɗaya tsaye a kan layin tsakiya, tsakanin 'yan baya biyu da suka gaji, da rabin fili babu kowa a gabansa sai gola. Fasin ɗaya ake jira ya kauce, kuma a kan wannan ɗigon muka ba masu tsare gida wasan.